Daga Cowes Zuwa Dutsen Fastnet Cikin Iska Mai Ƙarfi

Tseren Fastnet na jiragen ruwa masu tafiya da iska yana tashi ne daga garin Cowes, a tsibirin Wight da ke kudancin Ingila. An fara shi a 1925, kuma ana yin sa duk bayan shekara biyu. Jirage kan bi gaɓar kudu har Land's End, su ratsa tekun Celtic, su kewaye dutsen Fastnet a kudu maso yammacin Ireland, sannan su juyo ta tsibiran Scilly. A da a Plymouth ake ƙarewa, amma tun 2021 an mayar da zangon ƙarshe Cherbourg ta Faransa, tafiyar mil 695 na teku. Ba a yarda inji ya tura jirgi ba, don haka rayuwar tafiyar duk tana rataye ne a jikin turke guda da ƙyallayen da ke kama iska da igiyoyinsu.

Jirgin da wannan labari ya shafa mai tsawon ƙafa 40 ne, da mutum takwas da aka raba gida biyu, wasu na aiki wasu na barci. Wayoyin ƙarfe ne ke riƙe da turkensa ta goshi da ƙeya da hagu da dama. Babban ƙyalle yana bayan turke, ƙasansa a ɗaure jikin wata sanda kwance. Ƙyallen goshi kuwa yana bin wayar gaba.

Tun a mashigin Solent iska ta fito daga kudu maso yamma, wato daidai inda aka dosa, ruwan teku kuma yana janyewa ta fuskar da ke karo da ita. Haɗuwar nan ce ke ta da raƙuman ruwa gajeru masu tsaye a bakin duwatsun Needles, kuma ita ce ta sa jirage da dama janyewa a daren farko na tseren 2023, wanda jirage 430 suka fara. Abin da sabon shiga ba ya ganewa da wuri shi ne, idan gudun iska ya ninka, nauyin da take ɗora wa ƙyalle sau huɗu yake ƙaruwa. Da jirgi ya fara kwanciya fiye da kima, sitiyari yana fizgar hannun matuƙi, sai aka fara da abu mai sauƙi: aka tsuke wayar ƙeya, aka ja ƙasan babban ƙyalle ya miƙe, don cikinsa ya daina tara iska. Da hakan bai wadatar ba aka rage shi. An sassauta igiyar da ta ɗaga shi, an sauko da kashi ɗaya an maƙala a ƙugiya, an sake ɗaurewa. Aikin minti biyu ne a hannun waɗanda suka saba. Jinkiri ne ke ɓata shi, domin ƙyallen da aka bari yana faɗa da iska ɗinkinsa ne ke fara buɗewa, kuma masu tsere sun fi kowa jan ƙafa wajen ragewa, suna ganin za a wuce su. Kuskure ne, jirgin da ya miƙe tsaye ya fi wanda ya kwanta sauri.

Daf da tsinin ƙasa na Portland Bill igiyar ƙyallen goshi ta hau kanta a jikin winci, naɗi ɗaya ya danne sauran. Igiya irin wannan, tana ɗauke da nauyin iska, ba ta kwantuwa da hannu. Wanda ya cusa yatsa yana iya rasa shi. Aka ɗauko wata igiyar aka yi mata ɗaurin da ke cizo idan an ja, a gaban wurin da ya harɗe, aka kai ta wani wincin aka murɗa har nauyi ya koma kanta. Nan take ta farkon ta yi laushi, aka warware ta. Wuƙa tana nan a ɗaure kusa da matuƙi, amma sai jirgi ya doshi dutse ko wani jirgin ake taɓa ta.

Babbar matsalar ta zo ne cikin dare, bayan an wuce tsinin ƙasa na Lizard. Wani matashi da ke zagaye da tocila, a ɗaure da ɗamarar tsaro, ya tsinci wata 'yar kusa mai baki biyu tana birgima a kan jirgi. Ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, amma irinta ce ke hana fil ɗin da ya riƙe waya zamewa. Ya ce, "Kyaftin, ga abin da na samu." Kyaftin ya ce kada kowa ya juya jirgi sai an gano inda ta fito. Aka bi gindin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, aka tarar da fil ɗin wayar gefen da ba ya fuskantar iska ya fito rabi.

A nan ne ake bukatar kai ya natsu. Wayar gefen da iska ke bugowa ita ce ke ɗauke da turke, ta ɗaya gefen kuwa sakwa-sakwa take, tana rawa, shi ya sa fil ke samun damar zamewa. Da a gefen iska matsalar take, da sai a juya jirgi nan take don nauyi ya koma ɗaya ɓangaren, a tokare turke da igiyar ɗaga ƙyalle wadda ba a amfani da ita. Da yake a gefen da ke hutawa take, juyawa ce za ta karya turken. Aka riƙe hanya yadda take, mutum ɗaya ya kwanta ruwa na wanke shi, ya buga fil ya koma, ya sa sabuwar kusa ya buɗe bakinta da filaya, ya naɗe da salatif. Zarto da babban almakashin yanka waya suna ƙasan kujera don ranar da turke ya faɗi, saboda karyayyen turke da ke rataye a ruwa yana iya huda cikin jirgi.

A tekun Celtic iska ta kai mataki na 8 a ma'aunin Beaufort. A wannan ruwa ne guguwar daren 13 ga Agusta 1979 ta rutsa da tseren: jirage 303 suka tashi, 'yan tsere 15 suka rasu. Bayan nan an tsaurara ƙa'idojin kayan tsaro, kuma yanzu jiragen tseren kan ɗauki ƙananan ƙyallayen guguwa masu kauri, ruwan lemo, don a hango su daga nesa. Aka sauke ƙyallen goshi aka ɗaga ƙaramin na guguwa, aka rage babban zuwa kashi na ƙarshe.

Da aka kewaye hasumiyar fitilar Fastnet iska ta koma baya, haɗarin kuma ya sauya kama. Raƙumin ruwa ɗaya zai iya karkatar da jirgi, iska ta shiga bayan babban ƙyalle, sandar kwance ta tsallako da ƙarfin da ke kashe mutum. Aka ɗaure bakinta da igiya zuwa goshin jirgi, aka dawo da igiyar wurin matuƙi don a iya sakinta da sauri. Babban ƙyallen gudu mai kama da balan-balan ba a fito da shi ba sai bayan Scilly, da iska ta lafa. Duk canjin aiki kuma ana ɗan gusar da igiyar da ta ɗaga shi, domin wurin da take gogar ƙarfe a ƙolin turke ne take tsinkewa.

An shiga Cherbourg da turke a tsaye. Da aka hau duba shi a tashar, an samu rigar igiyar ɗaga ƙyallen gudu ta cinye har zaren ciki ya bayyana, an kuma sauya dukkan kusoshin gindin wayoyi kafin jirgin ya sake fita.