Ranar Da Na Auna Ɗana

Shekara talatin ina sana'ar takalma a Kumasi. Na san roba, na san gam, kuma idona kaɗai yakan gaya mini lambar ƙafar mutum tun kafin ya zauna. Da wannan alfahari na sauka Manchesta ta Ingila bara, wurin babban ɗana da ke aikin jinya.

Kwana uku da isata aka kawo masa wani ƙaton kwali. Da ya buɗe sai ga fararen robobi sun fi ashirin: na ƙirji, na baya, na damtse, na cinya, na ƙwauri, ga kuma kwalkwali. Wai sulken fararen sojojin nan ne na fim ɗin Star Wars, wanda ya fara fitowa a 1977. Da na ji kuɗinsa sai da na yi salati. Na ce, "Kai yanzu da gemunka, wasan yara za ka koma?"

Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri ka gani tukuna."

Ashe abin ba a ɗinke yake zuwa ba. Ana gasa fallen roba mai suna ABS ne har ya yi laushi, a zuƙe iska ya manne a jikin zubi, kamar yadda aka yi na ainihin fim ɗin a nan Ingila. Kowane ɓangare yana zuwa da rarar baki, mai shi ne zai yanke daidai jikinsa, ya goge da samfefa, ya haɗa. Akwai ƙungiyarsu, 501st Legion, da aka kafa a Amurka a 1997. Ba sa karɓar mutum sai ya aika hotunan gaba da baya da gefe, an tabbatar komai ya yi daidai da na fim. Hatta kwalkwalin, gefensa biyu ba su daidaita ba, don da hannu aka sassaƙa na asali, kuma haka suke so a bar shi.

Da na ga aikin yanka da gam ne, sai hannuna ya fara ƙaiƙayi. Ranar da ya tafi aikin dare na ɗauki na cinyar dama, na ƙiyasta da ido, na ja layi, na karya rarar. Da safe ya gwada, ya ƙi rufuwa. Saura yatsa biyu.

Bai ce komai ba, kuma shirun nan ya fi mini zafi. Gam ɗin da suke amfani da shi, E6000, idan ka yi kuskure kana iya ɓanɓarewa ka sake. Yanka kuwa ba ya komawa. Gaskiyar magana, cinyar da na yanka wa ta yaron da ya bar Kumasi shekara goma sha biyu da suka wuce ce, ba ta magidancin da ke tsaye gabana ba.

Ku da kuka san al'adarmu kun san ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban tuna ranar da na ɗauke shi a gaban mutane ba. Amma ran nan na ce ya sa baƙaƙen kayan da ake sawa a ciki, na karɓi tef ɗin tela na durƙusa. Na auna cinya, na auna ƙwauri, na auna damtse, yana rubutawa. Muka yanko ƙyallen roba muka cike giɓin ta baya, muka matse da maganaɗisu, muka bar shi kwana ɗaya cur ya kama. Sauran tsagar muka shafe ta da ɓarɓashin robar da aka narkar. Mako uku muna wannan aiki, kuma hirar da muka yi a ciki ta fi ta shekara goma sha biyu a waya.

A nan na ba shi labarin 'yan lifida da 'yan sulke da nake kallo a hawan sallah ina yaro, da yadda tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Shi kuma ya gaya mini dalilinsa: 'yan ƙungiyar sukan sa kayan su ziyarci yara marasa lafiya, su kuma tara kuɗin taimako. Ya ce akwai yaran da allura ta sa suke tsoron rigarsa ta aiki, yana so wata rana su gan shi su yi dariya.

Ranar da ya sa duka, ko zama ba ya iya yi, da ƙyar yake ganin gabansa. Ni na ɗauki hotunan. Idan ka duba bayan cinyar dama da kyau za ka ga tabon gyarana. Na ce a sayi sabo, ni zan biya. Ya ce, "Baba, bar shi."

Na dawo Kumasi. Yanzu duk wanda ya zo sayen takalmi, ko na san shi shekara ashirin, sai na ce ya zauna ya gwada.