Zargin da na yi wa mai shago

Da kuɗin da iyayen yara suka tara na sayo wa makarantarmu kwamfuta mai RAM giga 4. Da na kunna, Windows mai bit 32 ta nuna 3 da ɗoriya. Nan take na ce mai shago ya cuce mu, har na faɗa a taron iyaye.

Ashe BIOS ce ke miƙa taswirar ƙwaƙwalwa, kuma tana keɓe wa katin hoto da sauran kayan ciki wuri gab da giga 4. Irin wannan giɓi gado ne: tun IBM PC ta 1981 aka keɓe tsakanin kilo 640 da mega 1, har yau yana nan.

Na koma na roƙi mutumin gafara. Saura in wanke shi a gaban iyaye, ranar Asabar.