Quartzsite: Garin Da Gidajensa Ke Tafiya Bisa Taya

A yammacin Jihar Arizona ta ƙasar Amurka, kimanin mil 20 kafin iyakar Kalifoniya, akwai wani ɗan gari cikin hamada da ake kira Quartzsite. Ƙidayar 1 ga Afrilu 2020 ta nuna mazaunansa ba su kai 2,500 ba, domin da bazara zafin wurin ya fi gaban wasa. Amma da hunturu ya kama, sai ka ga dubban mutane, galibinsu tsofaffin da suka bar aiki, suna kwararowa daga jihohin arewa da Kanada, kowa da gidansa a mota, sun gudo wa ƙanƙara. Gwamnatin tarayya ta keɓe musu fili a La Posa, kudu da garin, inda akan zauna daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu.

Baƙo ba ya barin garin bai ziyarci kabarin Haji Ali ba, wani ɗan Gabas ta Tsakiya da sojan Amurka suka ɗauko wajen 1856 don ya kula musu da raƙuma. Sunan ya gagari bakinsu, suka mai da shi Hi Jolly. A nan ya rasu a 1902, kuma a 1935 aka gina ɗan dala bisa kabarin, da siffar raƙumi a ƙolinsa.

Cikin gidajen nan, wanda ya fi burge ni shi ne ɗan ɗakin da ake ɗora wa a-kori-kura a baya. In ana tafiya rufinsa a kwance yake, don kada iska ta tare motar. In an sauka sai a ɗaga shi, bangon tamfol ya miƙe, mutum ya tsaya tsaye a ciki, ga gado ga murhu. Abin da ke riƙe rufin kuwa wasu 'yan sakatu ne masu ƙugiya, irin na akwatin ƙarfe, yawanci huɗu zuwa shida, a kewaye ta waje. To, mai karatu, waɗannan 'yan ƙarafa da ba su fi tafin hannu ba su ne ke jawo wa matafiya babbar hasara.

Ga yadda abin yake. Mutum ya iso a gajiye da magariba, ya kwance biyar ya mance ɗaya, ya shiga ya tura rufin sama. Kusurwa uku su tashi, ɗaya na ɗaure. Da yake rufin na alminiyam ne marar nauyi, sai ya murɗe, kusoshin sakatar su tuge, su bar huda inda ruwan sama zai riƙa yoyo bisa gado. Wanda hannu ke ɗaga nasa ma da sauƙi, domin zai ji tauri ya dakata. Injin lantarki kuwa ba ruwansa, turawa kawai yake. Har ila yau ƙugiyar da aka kwance aka bari a tsaye takan koma ta sarƙe, shi ya sa ƙwararru ke kwantar da kowace ƙasa sarai.

Ranar tashi ta fi haɗari. In aka bar na gaba a sake aka hau babbar hanya mai lamba 10 da ta ratsa garin, iska na shiga ƙarƙashin rufin ta ɓanɓare shi, tamfol ya yage. Ɗaurin ma sai da lura: in ya yi tsauri ya matse robar da ke tare ruwa, ya lanƙwasa bakin rufin, in ya yi sako-sako rufin ya dinga tsalle a hanyar burji. Kafin a ɗaure, akan kewaya a cusa tamfol ciki don kada ƙarfe ya cije shi, wasu ma sukan rufe ƙofa su kunna fankar rufi ta zuƙo shi.

Dabarun mutanen La Posa ba su da tsada. Wani yakan ƙirga sakatun da babbar murya yana taɓa kowace, wani ya rataya jan ƙyalle a sitiyari, ba ya cire shi sai ya gama kewaya motar. A ganina wadda ta fi ita ce mutum ɗaya ya ɗauki aikin dukkansa, domin in miji ya kama dama mata ta kama hagu, sakatar gaba ce kan zama marainiya, kowa na zaton ɗan'uwansa ya duba ta.