Rigar sanyi ɗaya ba ta raba yaro da hunturu

Shekarar da aka fara tura ni koyarwa wani ƙauye a arewacin Adar, kan hanyar Abalak, na shiga kasuwar Tawa ranar Lahadi na sayi ƙatuwar rigar sanyi a wajen masu gwanjo. Rabin guzurina ta cinye. Na ɗauka na gama da hunturu, ashe ko farawa ban yi ba. Da asuba iska na shiga ta wuya da ƙafa. Da hantsi kuma gumi ya jiƙa rigar audugar da ke ciki, in na tuɓe babbar sai iska ta bugi jiƙaƙƙen jiki. Kafin Janairu ya ƙare na kwanta mako biyu da tari, ajina ya zauna ba malami.

Abin da ya tuna mani da wannan shi ne ɗan yayana da ke karatu a Marrakesh ta ƙasar Maroko. Abokansa suka ja shi Ukaimidan, kan duwatsun Atlas, inda tsayin wurin ya haura mita 2,600, don ya gwada sulu a kan dusar ƙanƙara, ƙafafunsa biyu ɗaure a allo guda. Ya kira ni yana neman kuɗin sayen allo da riga irin ta hoto. Na ce ya je ya gani tukuna.

Mai ba da hayar kaya a can ya yi mashi faɗan da ban samu ba a nawa lokacin. Ya ce sabon shiga haya yake yi, don bai san ko zai ɗore ba. In zai kashe kuɗi, ya fara da takalmin da ya kama ƙafarsa daidai, sai hular kwano da safar hannu, tunda mai koyo faɗuwa ce aikinsa. Tufa kuwa hawa uku ce: ta ciki marar riƙe gumi, ta tsakiya mai ɗumi kamar ulu, ta waje mai tare iska da ruwa. Audugar da muke so ita ce ya hana a jikin fata, domin in ta sha gumi ba ta saurin bushewa.

Da ya gama ba ni labari sai na tuna Buzayen da na yi maƙwabtaka da su. Riga kan riga, rawani ya rufe kunne da hanci da baki, rana na ɗagawa a sassauta. Shekara guda ina kallonsu ban ɗauki darasin ba.

Yanzu kowace safiyar Disamba nakan tsaya bakin aji in duba ɗalibaina. Ga yaro cikin jibgegiyar riga wadda aka saya da girma don ta kai shi shekara uku, hannunta ya haɗiye yatsunsa har ba ya iya riƙe alli. Ƙasa kuwa silifas, ƙafa ta yi faso, kai a buɗe. Uban ya yi ƙoƙari, kuskurena kawai ya maimaita. A ajin zana, inda iska ke ratsawa ta ko'ina, irin wannan yaron shi ne nake rasawa a layi mako mai zuwa.

Iyaye, kuɗin babbar riga ɗaya a raba su. A sayi rufaffen takalmi da safa, hular da ta rufe kunne, suwaita madaidaiciya, da ƴar riga mai tare iska wadda yaro zai iya tuɓewa da kansa ya sa a jaka. A shafa mashi man kaɗe a ƙafa da leɓe kafin ya fita. Mu malamai kuma, in rana ta yi, mu ce a tuɓe ta waje kafin a fita wasa.

Tsohuwar rigata tana nan. Da ita nake rufe buhun gero.