Daga Burtu zuwa Allon Waya: Ina Haƙurin Mai Sanɗa Ya Tafi?

Gure tana gabas da Damagaram, a kan babbar hanyar zuwa Diffa, kuma ƙofar daji ce. Arewa da ita akwai duwatsun Kutus, can gaba kuma Tarmit. Daji ne fetal, itatuwa jefi-jefi, inda barewa ke hango mutum tun daga nesa. Maharbin da ya ce zai bi ta da gudu, ƙura kawai zai sha.

Shi ya sa maharban dā a ƙasar Hausa da maƙwabtanta suka riƙe dabarar burtu. Sai a sassaƙa kan wannan tsuntsu da itace, a lulluɓe shi da fata, maharbi ya ɗaura a goshi, ya rufe jiki da baƙin ƙyalle, ya duƙa. Yana tafiya yana gyaɗa kai kamar mai tsince a ƙasa, yana lura da inda iska ke kaɗawa don kada ta kai warinsa ga dabba. Yakan shafe rabin yini yana sanɗa saboda kibiya ɗaya. Da dare kuma, in farin wata ya fito, yara na wasan ɓuya a dandali, suna koyon riƙe numfashi a bayan rumbu. Wanda ya yi gaggawa shi ake kamawa.

Wasannin bidiyo na laɓewa da irin wannan hali suka fara. A 1987 Hideo Kojima ya fitar da Metal Gear a kamfanin Konami na Japan. Na'urar MSX2 da aka yi wasan dominta ba ta iya nuna abokan gaba da harsasai masu yawa a lokaci guda, sai ya juya al'amarin: maimakon ka yaƙi sojoji, ka kauce wa idonsu. A 1998 aka samu Metal Gear Solid da Tenchu a PlayStation, da Thief a kwamfuta. A Thief, haske da ƙarar takunka su ne manyan maƙiyanka. In ka taka dutse ko ƙarfe za a ji ka, in ka bi ta kan shimfiɗa ka tsira. Splinter Cell na 2002 ma ya ɗora komai a kan duhu. A waɗannan wasanni, in mai gadi ya gan ka, ka shiga uku, domin ba ka da ƙarfin tunkarar taro.

Lokacin da shagunan PlayStation masu janareta suka bazu a garuruwan Nijar, ƙwallo da dambe ne suka fi jan yara, kuma dalilin a fili yake: wanda ya biya kuɗin 'yan mintoci ba zai ƙarar da su yana laɓe a bayan akwati ba. Manyan kamfanoni ma irin wannan lissafi suka yi a kasuwar duniya. Splinter Cell: Conviction na 2010 ya zo da dabarar da za ka yi wa maƙiya alama, ka danna maɓalli ɗaya, jarumin ya zubar da su. Assassin's Creed, wanda ya fara a 2007 da sajewa cikin jama'a, sannu a hankali ya koma fagen daga da takubba. Yau kuwa samarinmu sun fi riƙe Free Fire da PUBG a waya, inda saurin yatsa ke gaba da komai.

Ba laifi ba ne wasa ya ba mutum hanyar kare kansa. Maharbi ma yana rataye da wuƙa saboda ɓacin rana. Matsalar ita ce ranar da faɗa ya fi laɓewa sauƙi da riba, laɓewa ta zama ado. Waɗanda suka daidaita abin sun sa wa gaggawa farashi. A Dishonored na 2012, na kamfanin Arkane da ke Lyon a Faransa, kana iya kashe kowa, amma birnin zai ƙara lalacewa, ƙarshen labarin kuma ya yi muni. A Metal Gear Solid V na 2015, in ka yawaita harbin kai, sojoji sai su fara sa hular kwano, dole ka canja dabara. Assassin's Creed Mirage na 2023, wanda aka gina a Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, ya yi ƙoƙarin komawa ga sanɗa ta asali.

A yau namun dajin sun ragu ƙwarai, an kuma kafa gandun Tarmit da Tin Tuma a 2012 don kare waɗanda suka saura. Wannan daidai ne. Amma ilimin maharbi, na karanta iska da sawu da sanin lokacin tsayawa cik, bai kamata ya bi burtu zuwa rataya a bango ba. Matasanmu masu koyon kwamfuta a Damagaram da Yamai, ku je ku zauna da tsofaffin maharba tun suna da rai, ku gina mana wasan da mai haƙuri ne zai ci shi.