Kintace Kafin Ka Danna

Mu da muka tashi zamanin fam da sule, lissafi da ka bai zama gwaninta a wurinmu ba, dole ce ta sa. Kwabo 12 ke yin sule, sule 20 ke yin fam, ga taro da sisi da nai a tsakani. Yaron da aka ɗora wa tallan ƙosai, in bai iya haɗa taro uku da sisi ya ce sule da taro ba, ranar sai ya yi bayani a gida. Da aka canja kuɗi ranar 1 ga Janairu, 1973, fam ya koma naira 2, sule ya koma kwabo 10, tsofaffin da ko ƙofar aji ba su taɓa leƙawa ba nan da nan suka gane kan abin, domin ƙwaƙwalwa ta riga ta saba da juya lamba.

Ba na gaba da kalkuleta. Mai babban shago da zai haɗa cinikin wata guda yana bukatarta, haka ma akawu. Damuwata ita ce, ba ta amsa tambayar da ke ranka, abin da yatsanka ya danna kawai take amsawa. A ce tiyar masara naira 1,500 ce a kasuwar Dawanau, buhu kuma tiya 40. Tsohon ɗan kasuwa tun kafin ka rufe baki ya san kuɗin na wajen dubu sittin. Yaro kuwa ya zaro waya, yatsa ya zame ya ƙara sifili ɗaya, ya ɗago kai ya ce dubu ɗari shida, ko gezau. Kuskuren yatsa kowa na yi. Abin da ke ba ni tsoro shi ne babu abin da ya motsa a zuciyarsa ya ce masa, anya kuwa? Yanzu da ake tura kuɗi ta waya, irin wannan sifilin kan cinye jarin mutum cikin ƙiftawar ido.

Akwai kuma lissafin da na'ura ba ta ma san hanyarsa ba. Manomi ya leƙa rumbu ya san ko hatsin zai kai su kaka ko sai an rage awo. Dillali ya zagaya bijimi sau ɗaya ya faɗi kuɗinsa. Uwar biki ta dubi taron mata ta ce a ƙara tiya biyar. Wannan kintace ne, ido da ƙwaƙwalwa suka horu tare shekara da shekaru.

Hatta addini ya ɗora mana lissafi. Zakkar kuɗi ɗaya cikin arba'in ce, wato dubu 25 a kowace miliyan. Ta hatsin damina ɗaya cikin goma. Malamanmu na da sun raba gado, tumuni da sudusi, da yatsa a kan rairayi. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram har gobe da dala suke ciniki, kowace dala sefa 5, suna ninkawa da ka ba tare da sun ɗauki abin a bakin komai ba.

Iyaye, in kun aiki yaro shago, ku tambaye shi canjin da zai dawo da shi tun bai fita ba. Malaman firamare, don Allah kada ku bari yaro ya taɓa na'ura sai ya fara faɗin inda yake zaton amsar za ta faɗa.