Tafiyarmu Zuwa Dutsen Kwatarkwashi A Kan Babur

Mu huɗu ne, dukanmu 'yan Moriki, tare muka yi karatun allo a zaure guda, tare kuma muka shiga makarantar horon malamai. A kakar bara aka tura mu gida mu yi gwajin koyarwa a wata firamare ta garinmu. Ran nan muna koya wa 'yan aji biyar labarin ƙasa, muka zo kan duwatsu, muka zana Dutsen Kwatarkwashi a allo da alli, muka ce da su shi ne shahararren dutsen jiharmu. Sai wani yaro ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, kun taɓa hawansa?" Muka dubi juna. Gaskiyar magana, ba wanda ya taɓa hawansa a cikinmu, iyakacinmu hangensa ta tagar mota a hanyar Funtuwa. Da aka tambayi yaran, su ko hangen ba wanda ya taɓa yi, da yawansu ma ba su taɓa zuwa Ƙaura ba. Muka tashi daga ajin nan da kunya, gama malamin da ke koyar da abin da bai gani ba, ɗan aike ne kurum.

Ya ku 'yan'uwanmu ɗalibai, kun san a wasu ƙasashe yawon babur zuwa duwatsu al'ada ce. Tun da Daimler da Maybach suka ƙera keke mai inji a Jamus a 1885, abin ya yi ta bunƙasa, har ya zama mutanen Turai sukan ɗauki kwana biyu ko uku su hau duwatsun Alfus, mutanen Indiya kuma su nufi Himalaya, don su huta da hayaniyar birni. A nan Nijeriya ma akwai masu zuwa Jos, da Mambila ta Taraba, da Obudu. Mu kuwa a Zamfara babur jakin zamani ne. Shi ke kai buhun gero kasuwar Shinkafi, shi ke kai mai naƙuda asibiti, da shi ɗan kabu-kabu ke ci da iyalinsa. In ka ce da mutumin Moriki za ka ƙona fetur don ka je ka zauna kan dutse ka dawo hannu wofi, sai ya dube ka ya ga ko lafiyarka ƙalau.

Ban da wannan kuma, ga abin da kowa ya sani. Shekaru sun yi yawa 'yan bindiga na fitowa daga dazuzzukan Dumburum da Sububu suna auka wa ƙauyuka, kuma a kan babur suke zuwa. A watan Satumba na 2021 har gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana hawan babur da dare, aka kuma katse wayar salula a jihar duka. An sassauta dokokin nan daga baya, amma tsoron bai bar zukatan mutane ba.

Sabo da haka sa'ad da muka je neman izini, mahaifin babbanmu, wanda babur ɗaya nasa ne, ya daɗe yana jan tasbaha bai ce kome ba. Can ya ce, "Ba ni hana ku neman ilmi. Amma ku tashi sai rana ta fito, ku bi bayan motoci, kada ku sauka daga kwalta, kada kuma la'asar ta same ku bisa hanya. In ta yi, ku kwana Gusau." Muka ce, "To, Baba, mun ji." Mahaifiyar ƙaraminmu kuwa ba ta yarda ba sai da limamin unguwa ya sa baki, sa'an nan ta ɗaure mana ƙuli-ƙuli da dambu a leda, ta juya baya don kada mu ga idonta.

Ran Asabar da hantsi muka tashi, mutum biyu biyu a kan babur ƙirar Boxer. Tun daren jiya mun ɗaure sarƙa, mun duba birki da baƙin mai, mun cika tanki. Abu guda muka manta, watau famfon iska. Da yake sanyin kaka ya fara, ga kuma ƙurar motocin da muke bi, ko wannenmu ya naɗe kansa da fuskarsa da rawani, idanu kaɗai ke waje. Ku riƙe wannan a ranku, za ku ji abin da ya jawo mana.

Ba mu kai rabin hanyar Ƙaura ba sai tayar baya ta babur ɗaya ta sace. Motocin suka wuce suka bar mu. Muna da gam da faci, ba mu da abin da za mu ba taya iska. Muka hangi rufin ɗakuna a bayan wata gonar dawa, ba nisa da titi. Nan muka karya umurnin Baba na farko: biyu suka zauna gadin babur, biyu suka hau ɗayan suka bi 'yar turba zuwa ƙauyen, ba wanda ya tuna ya kwance rawaninsa.

A bakin ƙauyen mata na sussukar gero a wani fili. Da suka ji ƙugin inji suka ɗaga kai, suka ga mutum biyu fuska a rufe, sai kowace ta yar da taɓarya. Wata ta suri jaririnta ta hannu ɗaya, wata yarinya ta saki ƙwaryar nono ta fashe, suka afka cikin karan dawa. Ba wadda ta yi kururuwa. Wannan shi ya fi tsaya mana a rai har yau, gama gudu ne na waɗanda suka riga suka koyi yadda ake gudu. Kafin mu kashe inji filin ya zama ba kowa, sai kaji na tsattsagar geron da ya zube, da wani tsoho a gindin tsamiya wanda ƙafarsa ba ta barinsa gudu.

Muka sauka, muka kwance rawani, muka cire takalma, muka durƙusa muka yi sallama. Bai amsa ba sai da ya ƙare mana kallo. Sa'an nan ya ce, "Wa alaikumus salamu. Ɗiyan wa ne ku?" Muka faɗi garinmu da unguwarmu da sunan kakanninmu. Ya ce ya san ɗaya daga cikinsu, sun yi fataucin gyaɗa tare zamanin da jirgi ke zuwa Ƙaura. Muna cikin haka sai ga samari uku sun ɓullo ta bayan rumbu, biyu da bindigar toka, ɗaya da adda. Tsohon ya ɗaga sandarsa, ya ce, "Ku aje. Malamman makaranta na, iska suka nema." Da Allah bai zaunar da shi a gindin tsamiyar nan ba, da wani ne zai ba ku labarinmu.

Aka aika yaro ya kirawo matan. Sai da aka daɗe ana neman wata 'yar shekara huɗu, aka same ta kwance cikin kunya ta rufe bakinta da hannu, yadda aka koya mata. Muka fid da kuɗi za mu biya ƙwaryar nonon, tsohon ya ƙi. Ya ce, "Ɗiyana, da can in an ji babur, yara ka sheƙawa su tarbe shi, don ko dai baƙo na, ko mai allura, ko ɗanmu ya dawo daga birni. Yanzu kun ga abin da ya koma. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yakai. Ku riƙa buɗe fuskokinku." Samarin nan da suka zo da bindiga su suka ɗauko famfo, suka raka mu titi, suka taya mu yin faci.

A bakin titin muka yi gardama. Biyu suka ce mu koma gida, abin da muka gani ya isa. Biyu suka ce in mun koma, me za mu gaya wa yaron nan da ya tambaye mu? Daga ƙarshe muka shirya a kan mu jira motoci, in sun zo kafin rana ta take tsaka mu bi su, in ba su zo ba mu juya. Ba a jima ba sai ga ayarin motocin kasuwa, muka bi bayansu, rawunanmu a wuya.

Muka shiga Ƙaura Namoda, garin da ya ci sunan Namoda, jarumin Alibawa na zamanin jihadin Shehu Usmanu. Nan ne ƙarshen hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta iso a 1929, nan kuma aka riƙa tara gyaɗa da auduga na ƙasashenmu ana lodawa zuwa kudu. Muka sayi famfo a kasuwa, muka sha ruwa, muka miƙa kudu ta Kasuwar Daji, mil 30 da 'yan kai zuwa Gusau. Daga Gusau muka juya gabas a hanyar Funtuwa, ba mu yi nisa ba dutsen ya taso a gabanmu, baƙi ƙirin, garin na kwance a gindinsa kamar 'yan tsaki a ƙarƙashin kaza.

Ba a hawan dutsen mutane ba da sallama ba. Muka gai da dattawan da ke zaune a wata rumfa, muka faɗi abin da ya kawo mu, suka ba mu wani saurayi ya yi mana jagora, wani mai shago kuma ya karɓi ajiyar baburanmu. A hanya jagoran ya ba mu labarin da muka saba ji a bakin manya, cewa a zamanin Maguzanci ana bautar iskoki a dutsen, ana kuma yin bikin Baura, inda samari ke nuna jaruntaka da kamo mikiya, gama dutsen ya yi suna da mikiyoyi. Mu kuma muka duba abin da littafi ya koya mana. Dutsen irin mai taurin nan ne da ake fasawa a yi tsakuwar gini. A cikin ƙasa ya daskare tun fil azal, ruwa da iska suka yi ta cinye ƙasa mai laushi da ke kewaye da shi, shi ya rage a tsaye. Muka ga kuma yadda zafin rana da sanyin dare ke sa bayansa ya riƙa ɓarewa falle falle kamar albasa. Ƙaraminmu ya ɗauki ɓallin guda ya sa a aljihu domin 'yan aji biyar.

Ba mu kai ƙololuwa ba, gwiwoyinmu na mutanen fadama ne. Muka tsaya a wani falale mai faɗi, muka yi alwala da ruwan gorarmu, muka yi azahar, sa'an nan muka zauna. Titi ya koma kamar zare, manyan motoci na rarrafe a kai, ƙararsu ba ta iso mu. Ga gonakin dawa sun yi ja, ga kwanukan Gusau na ƙyalli daga yamma. Wasu manyan tsuntsaye biyu na shawagi a bisa kanmu ba su ko kaɗa fiffike, jagoran ya ce mikiya ce. Muka dubi arewa wajen gida, ba a ganin kome sai hazo.

Mun yi wajen rabin sa'a ba wanda ya yi magana. Rabonmu da mu zauna a fili haka, ba mu kasa kunne ga ƙugin inji ba, mun manta. Can babbanmu ya ce, "Kun lura? Shirun nan da na ƙauyen ɗazu, kunne ba ya rarrabe su." Muka yi ta juya maganar nan. A filin sussuka ma ba ka jin kome sai kaji da iska, amma can mutane ne suka haɗiye numfashinsu cikin kara. Baturen da ya hau Alfus ya bar garinsa lafiya, zai kuma koma ya tarar da shi lafiya, shi ya sa shirun dutse ke yi masa daɗi. Mu kuwa daɗin bai cika mana ba, gama ko wannenmu yana tuna yarinyar nan da hannu a baki. A nan muka gane ma'anar abin da muke sa yara su rubuta a darasin karin magana, cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Muka sauko la'asar ta kawo jiki. Wannan karon muka bi maganar Baba, muka kwana Gusau gidan kawun ɗayanmu, muka buga waya gida. Kashegari da hantsi muka bi motoci, muka iso Moriki kafin azahar. Da muka gaya wa Baba labarin ƙauyen ba mu ɓoye kome ba, ya yi mana faɗa mai zafi, kuma da gaskiyarsa.

Ba mu rubuta wannan don mu zuga kowa ya kama hanya ba. Mun yi wauta a wuri fiye da ɗaya, Allah ne ya tsare. Wanda duk larura ta sa shi tafiya a ƙasarmu, ya nemi izinin iyayensa, ya tambayi direbobi labarin hanya kafin ya tashi, ya riƙe famfo da faci, ya bar fuskarsa a buɗe, in zai shiga ƙauye kuma ya kashe inji tun daga nesa ya tura da hannu.

Ran Litinin muka aza ɓallin dutsen a kan tebur, yara suka yi ta karɓa hannu da hannu, wasu har da sansanawa. Muka gaya musu yadda titi ke komawa zare, da yadda mikiya ke tsayawa a iska. Yaron nan ya sake ɗaga hannu, ya ce, "Malam, yaushe za ku kai mu?" Muka ce sai hanya ta yi kyau. Ya ce, "Yaushe za ta yi kyau?" Wannan ba mu da amsarta, sai muka ce da su kowa ya buɗe littafinsa ya zana dutsen. Allah ya kawo mana ranar da za mu cika mota da 'yan aji biyar mu kai su su gani da idonsu, ya sa kuma yaran ƙauyen nan su koma tarbar babur da gudu. Amin.